Harshen Tankari

Ranar sadakar arba'in ɗin babanku ina zaune bayan darni na ji wata tsohuwa cikin baƙin da suka zo daga Dumega tana faɗa wa ta kusa da ita, murya ƙasa-ƙasa, wai mamacin nan ai shi ne ya sayar da ƙaninsa saboda taba. Na san ba ranar kuka fara jin maganar ba. Kun ji ta a bakin rijiya, kun ji ta a dandali, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni cikinku, don kunya ko don tsoron amsar da zan bayar. Na yi shiru tsawon shekaru saboda babanku ya roƙe ni in yi shiru. Yanzu duk waɗanda maganar za ta taɓa sun riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai, ni ma idona ya fara duhu. Don haka ku zauna ku ji yadda abin ya faru.

An kawo ni gidanku na Gesheme ina budurwa, na tarar da mutum uku: Inna, kakarku ke nan, da babanku, da ƙaninsa Tankari. Gidan manoman taba ne tun kaka da kakanni. In an cire hatsi an sa a rumbu, sai maza su gangara fadama su gyara garka, su dasa taba kusa da rijiyoyi, su yi ta ban ruwa har ganye ya kai faɗin faifai. Mu mata mu shanya, mu daka wata da kanwa don masu sa ta a baki, wata a murɗe don masu lofe, furen kuma mu goge haƙora da shi. Babanku mutum ne mai ƙarfi marar surutu, yana iya yini yana jan guga bai ce uffan ba. Amma ciwon agana da ya kama shi yana yaro ya tafi da hancinsa, ba ya jin ƙanshi ba ya jin wari, ko tuwo ya ƙone a gabansa sai an gaya masa. Tankari kuwa kamar Allah ya haɗa masa nasa da na yayansa. Yakan murza ganye a tafin hannu, ya sunsuna, ya gaya maka wannan daga gefen gawo aka tsinko shi, wancan kuma ruwa ya yi masa yawa. Siriri ne, mai dariya, ba ya shiga gida bai tsokane ni ba. Matata yake ce mini, ni kuma in ce masa miji marar ko akuya. Daga baya, bayan na yi haihuwa biyu, aka kai masa gaisuwa gidan su wata yarinya Gomma, ana jiran kaka a yi biki.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda yaƙin Nasara ya yi tsanani a ƙasarsu, kaya suka daina zuwa, aka rufe hanyar kudu, ta ƙasar da Ingilishi ke mulki. Yadi ya ɓace a kasuwa, sukari ya ɓace, ashana ta zama abin ɓoyo. Akwai wani Nasara ɗan kasuwa a Dogon Dutsi, mai sayen fatu da gyaɗa, ba mu taɓa sanin sunansa ba, Mai Hayaƙi kowa ke ce masa don ba a ganin bakinsa ba taba. Wata ranar kasuwa sai ga shi a ƙofar gidanmu bisa doki, da tafintansa a baya. Yara suka watse da gudu, Inna ta ja ni cikin ɗaki, muna leƙe ta ƙofa. Ya zauna a kan turmin da aka kifa masa, ya zaro wani abu daga aljihu a naɗe cikin ƙyalle. Taba ce, amma ba irin siririyar nan mai farar takarda ba. Tsawonta ya kai tafin hannu, kaurinta kamar babban yatsan namiji, baƙa wuluk kamar daddawa, tana ɗan sheƙi kamar an shafa mata mai. Tafinta ya ce sunanta sigar, daga wani tsibiri take zuwa a jirgin ruwa, jiragen sun daina zuwa, wannan ce ta ƙarshe da ta rage wa maigidansa. Nasara ya sa wuƙa ya raba ta biyu kamar mai yanka ɗan akuyar da ya raina. Rabi ya warware a gabansu don su ga yadda aka yi ta: ganyen ciki a murɗe, wani ya ɗaure shi, wani mai laushi ya zama riga. Ɗaya rabin ya kunna, ya miƙa wa babanku.

Babanku ya ja, ya yi tari, ya miƙa wa ƙaninsa. Tankari ya ja a hankali, ya riƙe hayaƙin a baki, ya lumshe ido. Bai buɗe idon ba har Nasara ya fara buga ƙafa.

“Hwaɗa mishi,” in ji Tankari, “wagga taba an bar ta ta yi zuhwa, kuma ta kwana biyu cikin duhu. In ya ba mu lokaci muna yin irinta.”

Daga ranar gidanmu ya canza. Tankari ya zaɓi ganyen sama, masu kauri waɗanda suka fi shan rana, muka shanya su a inuwa maimakon rana, muka jibge su cikin tsohon rumbu muka lulluɓe da tabarmi har suka yi zafi kamar jikin mai zazzaɓi. Yana zura hannu cikin tarin ya ce a juya, mu juya. Na farko ya ruɓe, muka zubar. Na biyu ya yi warin fitsarin doki, har Inna ta ce za mu kori Doguwa, aljanar gida, da wannan ɗoyi. Na uku ya yayyafa masa ruwan tsamiya da ɗan zuma, ganye ya yi baƙi, ya yi laushi kamar fatar da aka jeme. Naɗin kuwa ya gagari maza, yatsunsu sun yi kanta, suna yaga rigar. Ni na karɓa. A bisa bayan akushi nake naɗewa, in liƙe bakin da ƙaro. In na matse da yawa hayaƙi ya ƙi fita, in na sassauta ta ci da sauri ta yi zafi. Tankari ya kunna, ya ja, ya girgiza kai, ya ce, “Matata, wagga kin shaƙe ta,” in sake wata. Da muka dace, shi ya kai Dogon Dutsi a ƙafa. Ya dawo yana kwaikwayon yadda Nasara ya jingina da kujera ya rufe ido, hawaye na bin gemunsa. A gida muka sa mata suna Baƙa. Shekarar nan mun ci nama, Inna ta sami sabon zane a lokacin da matan sarki ma ke ɗinke tsofaffi.

Sai maganar aikin dole ta taso. Da ma kowane rani ana ɗibar maza a kai su fasa dutse da gyaran babbar hanya, amma a da mutum ɗaya ake ɗauka a gida. Wannan karon aka ce duk namiji mai ƙarfi zai tafi, kuma ba kusa ba, can yamma inda ba rijiya. Waɗanda suka je bara ba duka suka dawo ba, waɗanda suka dawo kuma ƙirjinsu na kuka. Tafinta ya zo ya ce Mai Hayaƙi yana da abokai a bariki, su ma suna shan Baƙa, ya roƙa an yarda a bar masa mutum ɗaya, mai yin taba. Ɗaya tak. Ba wanda ya tambayi wane ne, don kowa ya sani. Babanku ya ce alhamdu lillahi, ko ba komai gida bai zama kango ba. Ya shiga gyara takalmansa na fata, yana nuna wa Tankari inda ya binne irin hatsi. A lokacin ina da yayyenku biyu ƙanana, ke kuma Hassu cikinki nake ɗauke da shi, ya fara nauyi.

Ana cikin haka wata la'asar na kai wa Tankari fura a garka, na same shi zaune gindin gawo da Baƙa guda a hannu da garwashi a kasko.

“Matata, zamna,” ya ce. “Harshena ya gaji yau, ban jin komi. Ɗanɗana min wagga.”

“Ka taɓa ganin mace da wannan abu a baki? In Inna ta gani fa?”

“Inna tana gida. Kak ki haɗe hayaƙin, juya shi cikin baki kamar mai kurkure, ki sake shi sannu. Sannan ki hwaɗa min mi kinka ji.”

Na ɗauka wasansa ne na kullum, na karɓa ina dariya. Jan farko ya ciji bakin harshena kamar masoro, idona ya kawo ruwa, na ce ban ji komai ba sai yaji. Ya ce in jira, ita ba a yi mata gaggawa. Na sake ja. Yajin ya kwanta, wani abu mai nauyi ya cika mini baki, kamar ƙanshin ƙasa in ruwan fari ya sauka a kanta. Na gaya masa, ya ce to, ci gaba. Hayaƙin fari ne mai kauri, ba ya saurin watsewa, yana tsayawa a gaban fuska kamar yana jiran a yi masa magana. Da wuta ta kai tsakiya sai ɗaci ya fito, ba ɗacin maɗaci ba, irin na ƙanzon tuwon dawa da ya ɗan ƙone a gindin tukunya, a ƙarƙashinsa kuma zaƙi na ɓoye, irin wanda ake ji in an ci goro aka kora da ruwa. Tokar ta yi tsawo ba ta faɗi ba, fara-fara, ya ce in duba da kyau, in toka ta yi baƙi tana zuba to ganyen bai gama zufa ba. Ta hanci kuwa na ji warin rumfar dukawa, fata sabuwar jima, da wani abu kamar zumar da aka ƙona. Wajen ƙarshe ta yi ƙarfi, leɓena ya yi zafi, kaina ya fara juyawa, gawon ya yi kamar zai kwanta. Ya karɓe ta daga hannuna, bai murƙushe ta ba, ya ajiye a kan dutse ta mutu da kanta.

“In ba ki ji ƙanzo ba, a mai da ganye rumbu,” ya ce. “In yaji ya bi ki har tsakiya, a ƙara mishi kwana. In kin ji ɗoyin doki, a zubar, kak a ji tausai. Maimaita min.”

Na maimaita. Ya sa na sake. Bai yi dariya ba ko sau ɗaya, ni kuma jiri bai bar ni na lura ba. Kwanakin da suka biyo ya yi ta kirana da dabara iri-iri, yau in sunsuna wannan tari, gobe in zura hannu in ji zafin wancan. Sannan ya ɗauki kaya ya tafi Dogon Dutsi kamar yadda ya saba, ya dawo ya kawo wa yara ƙuli-ƙuli.

Ranar da gardawan bariki, dogaran Nasara masu bindiga, suka zo aka tara maza a ƙofar mai gari. Babanku ya yi sallama da mu, ya rataya gorar ruwa da ƙullin gari. Aka shiga kiran suna, aka kira Tankari, ba a kira babanku ba. Ya ɗauka kuskure ne, ya matsa gaba yana cewa an juya sunayen, wani gardi ya tura shi baya da gindin bindiga. Tafinta yana wurin, shi ya gaya masa cewa Tankari da bakinsa ya faɗa wa Nasara shi ɗan aike ne kawai, yayansa ne mai sanin taba, in aka tafi da yayan to Baƙa ta ƙare. Aka ba mazan izini su koma gida su ɗauki guzuri kafin rana ta take. A tsakar gida babanku ya shaƙe wuyan rigar ƙaninsa, ban taɓa ganinsa haka ba.

“Wa ya aike ka? Ni na ce maka ina son raina hiye da naka?”

“Yaya, kai kana da ɗiya biyu, ga na ukku tahe. Ni mi gare ni?”

“Kana da Gomma!”

“Gomma tana jira, wata nawa ne? Sake min riga, ita ɗai gare ni.”

Babanku ya sake shi, ya juya ya kama hanyar ƙofa, ya ce Dogon Dutsi za shi, zai gaya wa Nasara gaskiya, a kawo taba a gwada shi a ga ko yana bambance ta da kashin jaki. Inna tana zaune a bakin ɗakinta tun da aka fara. Sai ta miƙe ta tsaya a bakin zaure.

“In ka hwaɗa mishi an yi mai ƙarya, duka biyu za shi bari a tahi da ku,” ta ce. “Ni na haihe ku. Guda ya tahi, guda shi zamna. Wanda ya zaɓi tahiya ya zaɓa. In ka ƙetare wagga ƙohwa ban yahe maka nonona ba.”

Babanku ya tsaya. Sannan ya cire gorar da ƙullin garin daga kafaɗarsa ya rataya wa Tankari, ya tuɓe takalman da ya gyara ya ajiye masa a gaba. Sun yi masa yawa. Tankari ya sa su haka nan, ya durƙusa gaban Inna ta dafa kansa, ya juyo wajena ya ce, “Matata, ki kula min da rumbu.” Na kasa ce masa miji marar akuya. Muna ji takalman na ƙara a ƙafarsa har ya sha kwana.

Abin da mutanen gari suka gani shi ne an kira ƙanen an bar yayan, bayan kowa ya san wane ne mai harshen. Suka ce babanku ya bi dare ya kai wa tafinta toshiya. Uwar Gomma ta tsaya a kasuwa ta faɗa da ƙarfi. Bai musa ba. Da na ce zan fita in gaya musu, ya ce in na faɗi rabin labarin sai an tambayi sauran, sauran kuwa shi ne uwa ta tsaya a ƙofa ta bar ɗanta ya tafi. Ya ce gara a zage shi har ya mutu da a nuna Inna da baki rana ɗaya. Ya sa na rantse.

Aiki kuma bai tsaya ba, don in Baƙa ta lalace Nasara zai gane, a zo a tafi da wanda ya rage, tafiyar Tankari ta zama banza. Babanku na noma yana juya ganye, ni ina naɗi, in an gama in shiga bayan rumbu in kunna guda, ga ciki ya tsufa. In ja, in nemi ƙasa da ƙanzo da goro, in gaya masa a kai ko a mayar, sannan in durƙusa in yi amai har haƙarƙarina su yi ciwo. Yana tsaye da ƙwaryar ruwa, ba ya iya kallona. Hassu, da kika zo duniya ƙanƙanuwa kina numfashi da kyar, mata suka ce iska ce ta taɓa ki. Ni na san abin da ya taɓa ki. Ƙirjin nan da kike fama da shi duk sanyi, daga bayan rumbun nan kika samo shi, kuma da ban shiga ba da kin tashi ba uba.

Da damina ta kusa aka fara sako mutane. Muna fita bakin hanya muna duban masu dawowa, sun rame sun yi fari da ƙura. Wani mutumin Kieshe da suka yi aiki tare shi ya ratso ta gidanmu, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa sai da ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce gudawa ta shiga sansaninsu saboda ruwan tafki, Tankari ya yi ta ba su dariya har ranar da ya kasa tashi, sun binne shi a gefen hanya sun ɗora duwatsu saboda kuraye. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta shiga ɗaki, daga ranar ba ta ƙara cin abin da aka saya da kuɗin taba ba, sai hatsin gona, kuma ba ta ga damina biyu ba bayan haka. Gomma ta auri wani mahauci a Tibiri, in mun haɗu a biki takan kau da kai. Da yaƙi ya ƙare jirage suka dawo, Mai Hayaƙi ya daina aiko tafinta, ko sallama babu. Babanku ya tumɓuke tabar da ke garka tun ba ta nuna ba, ya dasa albasa. Shi ya sa kuka tashi kuka tarar da gidanku gidan albasa ne.

Bayan an cire amfanin gona a shekarar, ya ce mini za shi ya ga inda ƙaninsa yake kwance. Ya tafi a ƙafa, yana bin sabuwar hanya yana tambaya, har wani makiyayi Bafillace ya kai shi wurin da aka yi sansanin. Ya daɗe bai dawo ba, har na fara fita bakin hanya ina dubawa kamar wancan karon. Da ya dawo ƙafafunsa sun tsattsage, na dafa ruwa ina gasa masa, na tambaye shi ko ya samu.

“Na ishe tarin duwatsu jere gehen hanya, Kulu,” ya ce. “Suna da yawa, ba suna, ba alama. Ban san wane na nawa ba. Sai na bi su ɗaiɗai, kowane na zamna na yi mai addu'a, na ce mishi ga Yaya ya zo.”

Hanyar nan ita ce kuke bi da mota in za ku Yamai. An zuba mata kwalta, an faɗaɗa ta, duwatsun ma na ji an ce babu su. Ni ban taɓa zuwa ba, ba kuma zan iya nuna muku wurin ba. In kun wuce inda gari ya ƙare, daji ya buɗe, ba rijiya ba inuwa, ku rage gudu ku yi masa sallama. Sunansa Tankari, baffanku ne.